Tagogin da Namadi Ya Toshe

Ranar da aka sake hura wuta a ɗakin shanya, yamma ta sauko wa garin Bagudo a hankali, kamar mai jin nauyin shiga gidan makoki. An yi ruwa da hantsi, ƙasa ba ta gama tsotsewa ba, kaji suna kai-kawo a gindin rumbu suna neman makwanci. Halima Sa'adiya tana tsugunne a bakin murhu tana tuƙa tuwo, 'yarta Zuhura tana gefe tana gyara busasshen kifin da aka aiko musu daga Kaoje. Tun bayan rasuwar ɗanta, magana ta yi ƙaranci a gidan.

Daga bayan katanga ƙamshin turararriyar shinkafa ya fara ketowa, tare da gurnanin janareta. Halima ta tsaya cak da muciya a hannu. Rabonta da jin wannan ƙamshin tun daren da ɗanta ya kwanta a wancan ɗakin bai tashi ba.

Mijinta Namadi yana da 'yar masana'antar gyaran shinkafa a bayan gidan, bango ɗaya ne ya raba su. Ana kawo shinkafa daga fadamun Kaoje, a jiƙa, a turara, a shanya, sannan inji ya cashe ta, fatake su ɗauka zuwa kasuwannin bakin iyakar Benin. Da rani, rana ce ke yin shanyar. Da damina kuwa aiki kan tsaya, sai Namadi ya yi dabara: ya gina dogon ɗaki ya jera ragogi, a ƙarƙashinsu kasake na gawayi da ɓuntun shinkafa suna ci a hankali, janareta kuma a lungu yana juya fankoki. Da ɓarayi suka taɓa zare buhuna ta taga, ya sa bulo ya toshe tagogin duka. Ya ma ga ribar hakan, don zafi ya daina fita, shinkafa ta riƙa bushewa da wuri.

Ɗansu na fari, Bunyaminu, shi ne ke kwana a ciki yana motsa shinkafar don kada ta ƙone. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɓalle ƙofar aka same shi kwance dab da ita. Babu rauni, babu jini. Fuskarsa ta yi haske, leɓunansa sun yi ja, kamar a taɓa shi ya buɗe ido. Masu wanka suka fito suna girgiza kai, kafin azahar magana ta gama gari cewa mutanen ɓoye ne suka shaƙe shi.

Halima ba ta yi kuka a gaban jama'a ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko kiran sunansa tun ranar da aka raɗa masa. “Wancan yaron” take cewa, ko ta ce “yayan Zuhura”. Shi kuma ya tashi yana ce mata Adda, wato yaya, yadda ya ji ƙanenta Abdulrashid yana kiranta.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Bai kai ƙarshen kabbarar farko ba sai suka ji ƙwal a kan kwanon ɗakin Zuhura. Abin ya gangaro, ya faɗo kusa da ƙafar yarinyar. Dutse ne, sumul, a jiƙe, irin wanda sai a bakin gulbin Kwara ake samunsa. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo, daga nan rufin ya ɗauka gaba ɗaya kamar ana zubar da ƙanƙara, alhali sama tas take.

“Inna,” in ji Zuhura da ƙaramar murya, “wa ka jihwa?”

Halima ta jawo ta jikinta. Namadi ya shigo da gudu, ya zaga bayan gida da makwabta biyu, suka leƙa kan bishiya da bayan katanga. Babu kowa. Da aka idar da salla jifan ya tsaya, shiru ya dawo, ya fi na da nauyi.

Haka abin ya zauna musu. Ba kullum ba, amma sau da yawa, kuma koyaushe da faɗuwar rana. Halima ta lura cewa ranar da ba a hura wuta a ɗakin shanya ba, ko tsakuwa ba ta faɗowa. Ta haɗiye abin da ta lura da shi, domin akwai wanda ya taɓa faɗin makamancinsa, aka haramta masa shiga gidan.

Abdulrashid ne. A gidan ya girma, Namadi ya riƙe shi kamar ɗa har ya gama karatu ya samu aiki a Birnin Kebbi, cikin masu zagayawa suna duba lafiyar wuraren aiki. Da farkon damina aiki ya kawo shi Bagudo. Ya shiga ɗakin shanya da wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu, bai yi taku nawa ba ta fara kuka. Ya fito ya durƙusa gaban mijin yayarsa, ya ce wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana haifar da wata iska, ba ta da launi, ba ta da wari, tana sa mutum ciwon kai da barci, in ta yi yawa ba ya farkawa. Ya ce a buɗe tagogin, a fitar da janareta waje. Namadi ya yi dariya, ya ce yaron da ya koya wa tsarki ne yau zai koya masa hura wuta. Abdulrashid yana da ikon rufe wurin nan take. Nauyin mutumin da ya rene shi ya hana shi, ya ce zai dawo bayan wata guda ya ga gyara. Mutuwa ta riga shi dawowa.

A zaman makoki, da ya ji ana ta maganar aljanu, ya kasa daurewa, ya ce, “Iska ce tak kashe shi.” Dattawa suka gyaɗa kai, suna zaton iskokin da suke nufi yake nufi. Da ya ƙara bayani, Namadi ya miƙe tsaye, ya nuna masa ƙofar zaure, ya ce in dai yana raye kada ya sake taka masa gida. Ofishin su Abdulrashid ya aiko a dakatar da aiki, aka dakatar na kwanakin makoki. Da fatake suka matsa, Namadi ya sake hura wutarsa, tagogi suna nan a toshe.

Bayan jifa, sai murya. Da magariba, in an kasa kunne, ana jin ta daga jikin bangon ɗakin Zuhura, muryar tsohuwa, a gajiye, tana maimaita kalma biyu: “Ku hita. Ku hita.” Kajin da ke kwana a gindin bangon aka wayi gari sun mutu ba tare da alamar ciwo ba. Badamasi, wanda ya fi kowa daɗewa a aikin, ya ce kansa kamar ana sara da gatari duk ranar da ya shiga ɗakin, ya ajiye aiki ya koma noma a Matsinkai. Zuhura ma ta fara tashi da ciwon kai da amai, tana tafiya tana dafa bango.

Wata yamma ta shiga ɗaki ɗauko mayafi, ta daɗe ba ta fito ba. Halima na shirin leƙawa sai ga ta ta fito a duƙe, tana jan tabarma da hannu ɗaya, ɗayan hannun a kan ƙugu, tana tafiya irin ta wadda ta haura shekara tamanin. Ta shimfiɗa tabarmar a tsakar gida ta zauna. Da ta ɗago, idanun Zuhura ne, amma kallon ba nata ba ne.

“Yarinyag ga ba ta koma kwana cikin ɗakin can,” in ji ta, da muryar da suke ji a bango.

Halima ta saki kwanon da ke hannunta tana salati. Namadi ya zo ya kama 'yarsa zai mayar da ita ciki, yarinyar da ba ta iya ɗaga tulu ta watsar da shi gefe. Sai da maza uku suka taru. Ya kulle ta a ɗakin, ya jingina bayansa da ƙofar yana haki, hawaye na bin gemunsa.

“Sun ɗauke mani guda,” ya ce. “Wagga ba su samun ta. Waje sunka so ta, su tahi da ita daji.”

A ciki ana ta bugun ƙofa, a sama duwatsu suna sauka. Can bugun ya fara rauni. Halima ta tsaya tana saurare, zuciyarta tana faɗa mata abin da bakinta ya kasa faɗa. Da Namadi ya fita kiran liman, ta ɗauko taɓarya ta doke kwaɗon. Ta samu Zuhura a yashe a bayan ƙofa, ta jawo ta tsakar gida, ta yi ta yi mata fifita har numfashinta ya daidaita. A rayuwar aurenta ba ta taɓa karya umarnin mijinta ba sai ranar. Da ya dawo ya ga kwaɗon a ƙasa, ya dube ta, ta dube shi.

Da safe ta kira ƙanenta a waya, ta gaya masa komai. Ya ce, “Adda, ko mi za a yi, kada ta koma ɗakin nan. Ina tahe.” Namadi kuma ya aika a ɗauko Malam Yero.

Malam Yero yana zaune a wani ƙauye a bakin iyaka, inda rabin gonakin mutane ke cikin ƙasar Benin. Daga ɓangarorin biyu ake zuwa wurinsa. Ya iso bayan la'asar a bayan ɗan kabu-kabu, siririn tsoho, ba ya ɗauke da komai sai Alƙur'ani a cikin gafaka da butar alwala. A ƙofar gida ya wuce wani saurayi mai rigar ma'aikata yana tsaye a rana, an hana shi shiga. Ya dube shi, ya shige.

An riga an hura wuta tun azahar, don akwai kayan da za a ɗauka washegari. Namadi ya so a yi karatun a ɗakin yarinyar, inda abin ya fi ƙarfi. Zuhura na jin haka ta ƙanƙame turmi. Malam ya ce a bar ta inda take. Ya sa aka lulluɓe ta, Halima ta riƙe kafaɗunta, makwabta kaɗan suka tsaya daga bakin zaure. Ya zauna ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, muryarsa tana tafiya kamar ruwa a ƙarƙashin ciyawa. Rana ta yi ƙasa. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Jikin yarinyar ya fara karkarwa, ta yi wani dogon nishi, sannan ta daidaita zama.

“Ya isa, Malam. Karatun ga ni ma shi nika yi. Wa alaikumus salam.”

“Wace ce ke?”

“Ƙananan cikinmu Goggo suka ce mani. Nan nike tun wurin ga yana fadama, tun ba a aza tubali ko guda ba. Da anka gina ɗakin can bisa mazaunina ban yi hushi ba, na matsa lungu.”

“In ke musulma ce, kin san shiga jikin ɗiyar mutane zalunci ne.”

“Na sani, kuma ina neman gafara. Amma na yi jihwa, sunka ce shaiɗan. Na yi magana, sunka toshe kunne. Ban da baki sai nata, ban da ƙahwa sai tata. Da ban jawo ta waje ba, da yanzu kun yi sadakar ukunta.”

Namadi ya matso. “Ke kika kashe mani ɗa. Ki hwaɗi mi munka yi maki.”

Kan yarinyar ya juyo a hankali. Da ta yi magana, babu faɗa a muryar, sai gajiya.

“Namadi, yaron ga a gabana ya yi rarrahe. Duk sanda zai watsa ruwan zahi sai ya yi bisimilla, don kada shi ƙona wanda bai gani ba. Wa zai kashe irin wanga? An ɗora mani jininshi, dangina sun ƙaurace mani, ko'ina na bi ana nuna ni. Mu daga wuta anka halicce mu, mun san ta. Abin da ka tashi cikin ɗakin can in an ruhe ƙohwa, ba hayaƙin da ido ka gani ba ne. Shi ya kwantar da shi.”

“To, kina ina?” Namadi ya daka tsawa. “In gaskiya kike, mi ya hana ki buɗe mashi?”

“Da sunan Allah ya ruhe ƙohwar. Ba a ba mu ikon buɗe irinta ba. Na hita ta rufi na ɗebo duwatsu bakin gulbi, na yi ta jihwar ɗakinku har hannuna ya mutu. Ruwan daren nan ya hi ƙarhina. Ba wanda ya hito.”

Hannun Halima ya saki kafaɗar 'yarta. Ta tuna. A daren ta farka ta ji wani abu yana dukan kwano daban da ruwa, ta ce a ranta ƙanƙara ce, ta gyara wa Zuhura da ta kwana wurinta mayafi ta koma barci.

“Ƙarya takai!” in ji Namadi. “Malam, ƙone ta!”

Malam Yero ya ɗaga hannu. “Aljani yana ƙarya, Namadi, ɗan Adam ma yana yi, har ya yi wa kanshi. Ba mu ɗaukar maganarta sai an gwada. Ni dai tun da niz zauna kusa da bangon ga kaina ya yi nauyi. Wane ne yaron da ke tsaye waje?”

Halima ce ta amsa. “Ƙanena ne, Malam. Aikinshi ke nan.”

Aka shigo da Abdulrashid. Bai dubi kowa ba. Ya kunna na'urarsa a tsakar gida, ta yi shiru. Ya nufi ɗakin Zuhura, yana sa ƙafa ta fara ƙara, da ya ɗaga ta saitin kan gadon, inda bangon da ya raba shi da ɗakin shanya bai haɗu da rufi ba, ta ɗauki kuka babu tsayawa. Ya fito da sauri, ya ce a kashe janareta, a buɗe ƙofar ɗakin shanya, kowa ya ja baya, kada wanda ya shiga. Makwabta suka ruga. Gurnanin injin ya mutu. A cikin shirun da ya biyo baya, aka ji gwiwoyin Namadi sun bugi ƙasa.

“Kin ji an gaskata ki,” in ji Malam. “Yanzu ki hita, kuma ba ki komowa.”

“Ina hita, amma da sharaɗi. Ba ni son rago, ba ni son turare. A hwasa tagogin can, kowace. Kuma maigidan ga shi hwaɗi gaban mutane cewa ba ni ba ce, in samu in koma cikin dangina da huskata.”

Duk aka zuba wa Namadi ido. Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen unguwa, sai da aka matso kafin a ji shi.

“Ba ita ba ce,” ya ce. Ya buɗe baki zai ƙara, maganar ta ƙi fita.

“Ya isa,” in ji muryar. “Saura tsakaninka da Ubangijinka.”

Malam ya fara karɓar alkawarinta, sai Halima ta ce, “Malam, a dakata.” Ta zagayo gaban 'yarta ta durƙusa, ta kalli idanun da ba ta san mai kallonta ta cikinsu ba.

“Kina wurin. Ya sha wuya?”

“Bai sha ba, ɗiyata. Nauyi ne ya danne shi. Ya hwalka, ƙahwahu sunka ƙi ɗaukar shi, ya ja jiki har bakin ƙohwa. Ya yi shahada, na ji da kunnena.” Muryar ta tsaya, sannan ta ci gaba a hankali. “Kahin shahadar ya kira ki. Bai ce Adda ba. Inna ya ce.”

Halima ta dafe ƙasa da hannu biyu. Kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza, da wanda ta riƙe tun ranar suna, suka ɓalle tare. A gaban mijinta, da ƙanenta, da maza makwabta, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba. “Bunyaminu! Na'am, Bunyaminu, ga ni!” Matan da ke leƙe ta katanga suka rufe fuska da mayafi.

Malam ya bar ta har ta lafa, sannan ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa. Ta ce za ta haye gulbi ta bi yamma, can cikin Benin akwai 'yan'uwanta, su ba su san iyaka ba. Ta yi sallama. Babban yatsan ƙafar Zuhura ya karkaɗa, ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, muryarta ce ta ce, “Inna, kaina.” Ana kiran magariba Abdulrashid ya ɗauke ta a mota zuwa asibiti.

Zuhura ta warke, sai dai ta daɗe tana mantuwa, ta ajiye abu ta rasa inda ta sa. Washegarin karatun tun da sassafe Namadi ya ɗauki guduma ya fasa tagogin da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba, har tafukansa suka fashe. Abdulrashid ya rufe masana'antar da ikon ofis, ya bi sauran masu irin wannan ɗaki tun daga Bahindi har bakin iyaka, wannan karon bai ba kowa wata guda ba. Ya zo ya durƙusa gaban yayarsa ya ce da ya yi aikinsa tun farko, da yaron yana nan. Ta ɗora hannu a kansa, ba ta da abin ba shi sai wannan.

Gidan ya yi lafiya. Babu jifa, babu murya. Amma Namadi ya zama kamar an zare masa laka. Ba ya cin abin kirki, barci ya ƙaurace masa, wuni yake a ɗakin shanya a zaune a ƙasa dab da ƙofa, haske na shigowa ta ramukan da ya fasa. Halima takan ajiye masa abinci ta juya. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ita ma tana da nata abin da take ɗauke da shi. Suka zama baƙin juna a gida ɗaya.

Da kaka ta yi, ta ce za ta je gaishe da Malam Yero. Ta shiga motar kasuwa har inda kwalta ta ƙare, ta ƙarasa a kan babur. Ta same shi a gindin rumfa yana gyara igiyar guga. Bayan gaisuwa ta ce tana roƙon ya kira mata tsohuwar nan, ko sau ɗaya, akwai tambayar da ta manta ba ta yi ba.

Malam ya ajiye igiyar. “Ɗiyata, ni korar su nika yi, ba kira ba. Ta yi alkawari ta cika, kada mu zama mu ne masu sa ta saɓawa. Abin da kika ji ma rahama ce, da yawa ba su samu ko shi ba. Wanda kike nema yana wurin da addu'a kaɗai ka isa.”

Ta roƙa har sau nawa, bai canza ba. Ta dawo Bagudo rana na shirin faɗuwa. Maimakon ta shiga ɗakinta, ƙafarta ta kai ta bayan gida, wurin da ba ta taɓa takawa ba tun rasuwar. Namadi yana nan inda ya saba. Ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da shi.

“An ce kin tahi wurin Malam,” ya ce, bai ɗago ba.

“Na tahi. Na so shi kira mani ita, ya ƙi.”

“Mi za ki tambaye ta kuma?”

Halima ta daɗe tana kallon hannayensa, inda tabon guduma bai gama bajewa ba.

“Na so in ji ko ya ambace ka,” ta ce. “Na san halin ɗana, bai tahi da hushinka ba. Amma ni in na hwaɗa, ba ka yarda. Na so ka ji daga bakin wadda ke wurin, ko ka samu ka yi barci.”

Namadi ya juyo ya dube ta, karo na farko cikin watanni. Fuskarsa ta yamutse kamar ta ƙaramin yaro. Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta, kafaɗunsa suna girgiza, ita kuma ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi. Suna nan zaune har duhu ya rufe su, Zuhura ta zo da fitila tana kiran su cin tuwo.